Ranar da Wakili Ya Miƙe

"Ka kira sunansa, Mushe. Sunan Baba ka kira gatsau, a gaban mutane."

Hasiya ce ke magana da Hudu, wanda garin ke kira Mushe, wato malamin boko. Tana tsaye ƙarƙashin tsamiyar da ke bayan lakwal, makarantar bokon ƙauyen Kwaya, tulunta a ƙasa, ta ma manta da shi. Idanunta sun kumbura sun yi jawur. Tun da Hudu ya san ta bai taɓa ganin ta fito babu kwalli ba sai yau.

"Hasiya, ki tsaya ki ji ta bakina."

"In ji me? Ai garin duk ya ji. Ɗazu a bakin rijiya kwaikwayonka ake yi. Wannan ta murtuke fuska ta ce, 'Usmanu Ajimi, tablo,' waccan ta tashi tana karkarwa kamar mai zazzaɓi, sai a kwashe da dariya. Ina tsaye da guga a hannu. Ubana ne fa ake kwaikwayo."

Muryarta ta karye. Ta ja bakin mayafi ta toshe bakinta don kada masu wucewa gona su ji.

"Wallahi ban yi don in wulaƙanta shi ba," in ji Hudu.

"Na sani. Abin da ke cina ke nan. Da da gangan ka yi, da na tsane ka na huta."

"Me ya ce da ya koma gida?"

"Bai ce komai ba. Ya rataye buzunsa, ya shiga ɗaki, tuwon ma bai taɓa ba. Da ya yi faɗa da na ji sanyi. Kai ba ka san shirun Baba ba."

Ta sunkuya ta ɗauki tulun, ta aza a ka, hawaye na bin kumatunta har wuya. Ta tafi ba ta waiwaya ba. Hudu ya tsaya yana kallon sawunta a jiƙaƙƙen rairayi, alli fari fat a yatsunsa.

* * *

Ga yadda abin ya samo asali.

Hudu Inusa ɗan Magariya ne, ɗalibi a jami'ar Yamai. Daminar da ta zo shekara biyu bayan babban fari, aka rarraba su ƙauyuka su koyar a cikin dogon hutu, abin da suke kira sitaj. Shi aka jefo shi Kwaya. Malaminsu ya ja musu kunne kafin su taso: ansifekta zai zagayo ya ga aikin kowa, kuma abin da ya rubuta shi ne zai sa a ci gaba da biyan mutum bursi, wato kuɗin tallafin karatu, ko a yanke. Hudu maraya ne. In aka yanke bursi, karatu ya ƙare.

Da ɓacin rai ya zo, gaskiya. Abokansa na can birni suna yawo, shi yana nan sauro na cin ƙafarsa. Ga shi dama mutum ne mai nauyin baki. A Yamai in aka ce ya tashi ya yi bayani gaban ƴan ajinsu, sai gumi ya karyo masa, harshe ya ɗaure.

Amma Kwaya ta buɗe masa baki. Da safe yana tare da yaran da suka faɗi jarrabawar satifika, yana shirya su su sake. Bayan la'asar kuma, in an dawo gona, manya ne ke cika ajin, ƙafafu duk laka, suna koyon baƙaƙen boko da Hausarsu. A nan ya gane abin da littafi bai gaya masa ba. Ya koyi yadda ake magana da wanda ya wuni yana noma ba tare da ya yi gyangyaɗi ba. Ya ga hannun da ya saba da hauya yadda yake damƙar alli har ya karye, ya koyi haƙurin miƙa wani. Ranar da wani makiyayi ya karanta sunan garinsu a jikin tablo, babban allon aji, shi kaɗai, Hudu ya juya baya ya share ido. Tun daga ranar ya san abin da zai yi da rayuwarsa.

Cikin waɗanda suka fara zuwa har da wakilin mai gari. Sunansa na yanka Usmanu Ajimi, amma tun rasuwar mahaifiyarsa babu wanda ya ƙara jin sunan nan a bakin wani. Wakili ake ce masa, har tsararrakinsa. Dattijo ne dogo, gemu fari, mai tafiya a hankali. Ranar farko ya ɗaga babban yatsansa ya nuna wa Hudu.

"Ka ga wannan? Lokacin rabon hatsin fari bai rabu da tawada ba. Na gaji da dangwale. Ina so in rubuta sunana da hannuna kafin a kai ni makwanci."

Ganin Wakili ya zauna ne ya sa sauran dattawa suka zo.

Yadda aka yi tsakanin Hudu da ƴar Wakili kuwa ba sai an tsawaita ba. Hasiya ta yi lakwal ita ma a Magariya har satifika, ta dawo gida, ta kori manema har mutane sun gaji da lissafi, ubanta kuma ya ce shi ba ya yi wa ƴarsa dole. Kafin gero ya yi bunni, duk Kwaya ta san inda zuciyarta ta sauka. Kawun Hudu, Saminu, ya yi alkawarin zai zo daga Magariya da goro a gaida iyaye da zarar an rufe aji.

To, a nan gizo ke saƙa, a nan dai matsalar take. Ƙa'idar lakwal ce in malami ya shigo kowa ya miƙe ya gaishe shi, sannan a kira suna ɗaya bayan ɗaya. Ƙa'idar gari kuma, mai neman ƴarka ba ya kallon idonka, ba ya ambaton sunanka, takalmi ma cire shi yake tun daga nesa ya durƙusa. Ina za a haɗa waɗannan biyu a ɗaki ɗaya?

Sai suka samo dabara ba tare da ɗayansu ya ce uffan ba. Wakili ya riƙa makara kaɗan, sai an gama miƙewa an zauna sannan ya shigo, ya shimfiɗa buzunsa can baya kusa da ƙofa. Hudu kuma in ya zo kan sunan sai ya yi tari ya wuce. In zai duba allon dattijon, sai ya rage tsawo ya ce, "Baba, Allah ya ƙara basira," ya gyara abin da zai gyara kamar ba gyara yake ba. Kowa ya gane, kowa ya yi kamar bai gane ba. Da haka aka ci rabin damina lafiya.

* * *

Sai ga ansifekta daga Damagaram, babu sanarwa.

Ba mugun mutum ba ne, a faɗi gaskiya. Mutum ne mai son ƙa'ida kamar ransa. Ya iso an riga an fara darasi, Wakili ya shimfiɗa buzu ke nan. Ya tsaya a bakin ƙofa ya gyara tabarau.

"Ina so in gani daga farko. Fita ka sake shigowa."

Hudu ya fita. Ya sake shigowa. Aji ya miƙe ɗungurum, aka gaishe shi da Faransanci.

"Bonsuwar, mushe."

Mutum ɗaya ne bai tashi ba. Ansifekta ya dube shi. Sai Wakili ya dafa bango, ya miƙe a hankali, gwiwoyinsa na ƙara. Hudu ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige.

Aka zo kiran suna. Hudu ya yi tarinsa ya wuce.

"Ka tsallake ɗaya," in ji ansifekta. "Kuma shi nake son gani a tablo. A Yamai ana cewa mai furfura ba ya koyo. Ina so in koma in ce musu ƙarya ne. Kira shi."

Magana ɗaya ce za ta fid da Hudu. Da ya matsa kusa ya ce, ranka ya daɗe, wannan ubana ne a nan, ba na iya kiran sunansa. Da mutumin ya gane, ai shi ma ɗan ƙasa ne. Amma Hudu ya hango alƙalami a hannunsa, ya tuna bursi, ya tuna ɗakin kawunsa da ke yoyo. Tsoro ne ya kama shi, ba wani abu ba. Sai muryar malami ta fito daga bakinsa, irin wadda ya koya a daminar nan, mai kaiwa har bayan aji.

"Usmanu Ajimi. Tablo."

Dattijon ya ratso tsakanin samari ya zo. Ya karɓi alli. Sunan nasa ne aka ce ya rubuta, kuma ya iya, Hudu ya san ya iya, ya sha ganin ya rubuta a allonsa. Amma hannun ya ɗauki rawa. Allin ya karye. Aka ba shi wani. Ya ja layi ya karkace.

"Gyara masa mana," in ji ansifekta.

"Ba haka ba ne. Goge. Sake."

Bakin Hudu ne ya faɗa tun kafin hankalinsa ya iso, don haka yake ce wa kowa. Wakili ya sa hannun rigarsa ya goge. Ya sake, ya kasa. Sai Hudu ya kama hannunsa, hannun uban Hasiya, ya riƙa jan sa a jikin tablo kamar na ƙaramin yaro, har sunan ya fito.

Daga taga aka fara dariyar. Maiwada ne, ɗan kasuwar nan mai safarar gyaɗa da atamfa tsakanin Magariya da tsallaken iyaka, wanda Hasiya ta mayar wa kayansa har sau biyu. Ya jingine ɗan babur ɗinsa, mobilet, ya leƙo kallon baƙo, sai ya samu abin da ya fi baƙo. Samarin baya suka kama, suna ƙunshe baki.

Ansifekta bai gane komai ba. Tafi ya yi. Ya riƙe hannun Hudu a gaban kowa ya ce duk zagayen da ya yi bai ga aji kamar wannan ba, kuma zai rubuta haka. Motarsa ta tashi. Da Hudu ya waiwaya, babu Wakili, babu buzu.

* * *

Kashegari Wakili bai zo ba. Dattawa ma suka ɗauke ƙafa. Wanshekare rabin samarin suka bi su, don iyayensu sun ce ba za su je inda ake tsai da mai gemu a goge masa allo ba. Hudu ya riƙa tsayawa gaban tabarmi wofi yana magana da mutum bakwai ko takwas.

Maiwada kuwa kasuwa ta buɗe masa. Ya tare Hudu a hanyar masallaci, yana zaune kan mobilet, ƙafa ɗaya a ƙasa.

"A'a, mushe. An ce ka ci jarrabawa. Barka." Ya ɓare goro ya jefa a baki. "Ni dai jahili ne, ban san baƙi ko ɗaya ba. Amma tun daga bakin turken awaki nake cire takalmi in zan gaida Wakili. Ko za ka zo in ɗan koya maka? Ba na karɓar ko dala."

Hudu ya wuce. Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne babu ƙarya a ciki.

Ranar kasuwar Dungas Kawu Saminu ya biyo ta Kwaya. Tun a kasuwar labari ya same shi. Ko zama bai yi ba.

"Hudu, ni ka ke so in ɗauki goro in shiga gidan nan? Da wace fuska? Mun kai ka lakwal don ka ƙaru, ba don ka manta yadda ake gaida manya ba."

"Kawu, da ban yi ba da an yanke min bursi."

"To ga bursi nan ka samu, sai ka aure ta." Ya ga idon yaron ya cika, sai ya sassauta. "Je ka durƙusa. Kai kaɗai, kada ka ɗauki kowa. In ya buɗe ƙofa ka aiko min, ko ana ruwan ƙanƙara zan zo. In bai buɗe ba, ni ba na ɓalle ƙofar mutane."

Da hantsi Hudu ya nufi gidan. Tun daga turken awaki ya cire takalmi. A bakin zaure ya ci karo da Gwaggo Ɗela, yayar Wakili, wadda ta riƙe Hasiya tun rasuwar uwarta. Ƴar tsohuwa ce ƙanƙanuwa, amma in ta buɗe baki har mai gari sauraro yake.

"Kai ne ɗan lakwal ɗin? Zo ka kira nawa sunan ni ma. Ɗela Ajimi. Ina tablon?"

"Gwaggo, ki yi haƙuri."

"Haƙuri na gidanku. Ni na goya Wakili a bayan nan. Ni da na goya shi ban ƙara kiran sunansa ba tun da ya yi gemu. Shekarar yunwa shi ya tsaya a rana yana raba wa garin nan hatsi, bai kai ko tiya gidansa a ɓoye ba. Yau yara na bin bayansa suna cewa goge, sake. Kai ka jawo masa." Ta nuna shi da sanda. "Muddin ina numfashi ba za ka shigo zuri'ar nan ba. Ga Maiwada can, bai san boko ba, amma ya san girman mutane."

"Yaya, bar shi ya shigo."

Muryar Wakili ce daga cikin zaure.

* * *

Yana zaune a kan tabarma yana gyaran igiyar jaki. Cikin ƴan kwanakin nan ya faɗa, wuyansa ya fito. Hudu ya durƙusa tun daga bakin ƙofa, kansa a ƙasa.

"Baba, na yi laifi. Ba ni da abin cewa. Duk hukuncin da ka yanke na ɗauka."

Wakili ya daɗe yana murza igiyar.

"Laifin me ka yi?"

Hudu ya ƙara sunkuyar da kai.

"Tambayarka nake, don ni ma ita ke hana ni barci. In kai malamina ne, ba ka yi laifin komai ba. Malami yana kiran sunan ɗalibi, yana ce masa goge, yana kama hannunsa. Wanda ya koya min Fatiha ya yi min fiye da haka, har yau ina sa masa albarka. In na ce wa gari malamina ne, kowa zai rufe bakinsa, mai dariya shi zai ji kunya."

Ya ajiye igiyar.

"Amma in kai mai neman ƴata ne, to ka yi min abin da ba a taɓa yi wa wani a garin nan ba. In na ba ka ita bayan wannan, har in mutu ana cewa ga wanda surukinsa ya tsayar a gaban yara. Ba zan ƙara raba gardamar gona a saurare ni ba. Da muna rufa wa juna, ni da kai, muna tafiya da biyun. Yanzu an yaye. Dole ɗaya."

"Baba, zan bar ajin. Yau ɗin nan. Zan koma Magariya, a yanke bursin, in dawo in yi maka noma."

"Ka bar ajin? Mutanen da suka fara gane sunayensu fa? Ni na ja su can. Kuma kai, na ga fuskarka in kana gaban tablo. Wanda ya bar wannan saboda mace, wata rana zai dube ta ya tuna." Ya girgiza kai. "Ba kai za ka zaɓa ba. Ni aka tsayar, ni zan zaɓa. Tashi ka je."

Hudu ya ja da baya a durƙushe. Kafin ya fita idonsa ya faɗa kan ƙasar zauren, gefen tabarma. An yi rubutu da yatsa a rairayi, an goge, an sake. Na ƙarshen bai gogu ba. Sunan ne, a miƙe, babu kuskure ko ɗaya.

* * *

Saura darasi ɗaya a rufe aji. Da azahar ɗin ranar Hasiya ta same shi a gindin tsamiya. Wannan karon babu tulu, ba ta nemi hujja ba.

"Na yi masa kuka har muryata ta dushe," ta ce. "Na kama ƙafarsa. Na ce Baba, mutane za su yi surutu su gaji. Na ce mu bar musu garin in sun so."

"Ya ce me?"

"Ya shafa kaina. Ya ce ba zai ba ni Maiwada ba sai in ni na ce ina so. Gwaggo kuwa tun asuba take kaina, yau zagi gobe lallashi, har kayan Maiwada ta sake karɓa ta ajiye a ɗakinta." Ta haɗiye kuka. "Mushe, ni ba zan yi auren da Baba bai sa wa albarka ba. Ko kai ne. Ina so ka sani tun yanzu."

"Ban taɓa roƙonki haka ba."

"Na sani. Shi ya sa nake son ka."

Ba ta taɓa faɗa da baki ba sai ranar. Hudu ya ji maganar ta shige shi kamar ƙaya, don ya san ba a lokacin daɗi aka faɗe ta ba.

"Yaushe zai gaya min?"

"Ba zai gaya maka ba. Baba ba ya irin wannan da baki." Ta share fuska da bayan hannu. "In ka shiga aji yau ka duba bakin ƙofa. In babu shi, to ya fara jin nauyinka ke nan, ya ɗauke ka suruki, ya haƙura da karatun da surutun mutane. Ka aika wa kawunka ya zo."

"In kuma yana nan?"

Ta dube shi.

"In yana nan, kai malaminsa ne."

Can nesa hadari na haɗowa ta gabas, iska ta fara kaɗa geron da ke bayan lakwal.

"Tun da na zo garin nan," in ji Hudu, "kullum addu'ata ajin ya cika. Yau ga ni ina roƙon Allah ya hana mutum zuwa karatu."

Ta yi dariya cikin hawaye, ƴar gajeruwa, sannan ta rufe fuska da mayafi ta juya.

* * *

Bayan la'asar Hudu ya fito daga masaukinsa. Ya yi tafiyar a hankali, yana jan ƙafa. Tun daga nesa ya ga takalma a ƙofar aji, da yawa, fiye da na kowace rana. Ya ce wa kansa ranar ƙarshe ce, kallo ya kawo su. Mobilet ɗin Maiwada na jingine a gindin taga.

Ya tsaya a bakin ƙofa, ya yi bisimilla, ya shiga. Bai dubi kowa ba, wurin nan ya fara duba, can baya kusa da ƙofa.

Babu buzu. Babu kowa a wurin, ƙasa ce kawai a share.

Numfashin da ya riƙe ya kuɓuce masa. Murna ta kama shi. Har ya fara tunanin wanda zai aika Magariya tun kafin ruwan nan ya sauko. Ya juyo da murmushi ya fuskanci aji.

Sai ya gan shi.

A sahun gaba, daf da tablo, inda ƙananan samari ke zama. Ya sa farar rigarsa ta Juma'a, ya naɗa rawani, allonsa a kan cinya. Dattawan gari duk suna bayansa, babu wanda ya rage. Bai makara ba yau. Tun kafin kowa ya zo.

Babu wanda ya motsa. Shi suke jira.

Wakili ya dafa ƙasa, ya miƙe a hankali, shi kaɗai, ya tsaya cak. Ya dubi Hudu ido cikin ido, abin da bai taɓa yi ba. Idanun tsohon sun yi ja, amma muryarsa ba ta yi rawa ba.

"Bonsuwar, mushe."

Aji ya miƙe a bayansa ya maimaita. Babu wanda ya yi dariya, har wanda ke taga.

Hudu ya tsaya riƙe da alli. Ta ƙofar da ya bari a buɗe yana hango tsamiya, da wata a tsaye a gindinta, ta ji gaisuwar ita ma. Ya ga ta ɗora hannu biyu a ka, ta juya ta nufi gida. Ruwa ya fara sauka a kan kwanon rufi.

"Mushe," in ji Wakili a hankali, "ka kira suna. Ka fara da nawa."